Murfi

Fayil na tara a teburina, a Delhi, hawa na huɗu.
Fanka na juya zafin Mayu, ba ta rage shi ba.
A bangonsa an rubuta: Gasar Kasuwa, Maganin Fuka.
Na kwance igiya, takardu suka zube kamar ganyen darbejiya.

Magani ɗaya ne, 'yar hoda fara,
a shaƙa sau biyu, ƙirji ya buɗe.
Shekara ashirin doka ta ba kamfanin ya ci shi kaɗai,
ban ga laifin haka ba:
wanda ya haƙa rijiya da farcensa
shi ya kamata ya fara jefa guga.

Wa'adin zai cika ran Talata.
Ran Litinin suka canza murfi.
Da shuɗi ne, ya koma ruwan goro,
aka sa masa ɗan harshe mai cewa ƙas in an danna,
aka yanko masa takardar mallaka sabuwa fil.
Sai ta ɗan harshen. Sai ta ƙarar da yake yi.
Sai ta gurbin da yatsa ke kamawa.
Na ƙirga arba'in da ɗaya, shayina ya huce.

Kamakshi Tadepalli ta zo daga Haidarabad a jirgin dare,
da tabon sinadari a babban yatsa.
Ta ce, "Na iya haɗa shi a ushirin kuɗinsu.
Injina na ƙarƙashin tamfol wata goma sha huɗu.
Sun aiko mini lauya da kwalin alewa
da cekin banki, wai in yi barci shekara biyar."
Na ce, kin karɓa?
Ta ce, "Na dai ci alewar."

Lauyan kamfanin ba mugu ba ne, shi ma yana tari.
Ya ce, "Magani ɗari muka gwada, casa'in da tara suka sha ƙasa.
Wa ya biya kuɗin jana'izarsu?
In kun rushe shinge, wa zai sake shuka?"
Na rubuta, don maganar tana da nauyi.
Na kwana ina juya ta.

Sai ga wasiƙa, rubutun hannu mai rawa,
daga wani tsoho, Ruedi Amstutz, a ƙauye kusa da Basel.
Sunansa na takardar farko, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe.
"Ni na gano hodar, wata Asabar, bisa kuskure,
bayan shekara tara ina kuskure.
An ba ni agogo. Har yau yana aiki.
Murfin kuwa ban san shi ba.
Ɗakin gwajina yanzu lauyoyi ne a ciki,
an fitar da kwalabe, an shigo da kabad."
Kura da shan bugu, na ce a raina,
ban ƙarasa ba.

Da yamma Bhairon, mai keken da ke kai ni tasha,
ya tsaya tsakiyar gada, ya dafe ƙirji,
ya girgiza abin shaƙarsa kusa da kunne
yana sauraron ko da saura.
Murfi shuɗi. Babu kome ciki.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.
Na sauka, muka tura keken tare.

Gobe zan rubuta rahoto.
Doka ba ta san kalmar numfashi ba,
ta san kasuwa, ta san rinjaye, ta san babakere.
Da su zan yi aiki.
Zan ce a biya maƙeri ladan wutarsa cif, ba ragi,
amma shingen da ke tafiya da dare
yana cin gonar maƙwabta
a daina kiransa shinge.

Ko manya za su sa hannu, ban sani ba.
Na ɗaure igiya.
Na goma na ƙasa yana jira: maganin ɗigawa a ido,
an canza wa kwalbar wuya.